Gaurayen magniziyam AZ91D na saki a zafin digiri 150, ƙarin kalsiyam kuma ya jawo tsagewa

Assalamu alaikum. Injiniyoyi, ku taimaka min, na maƙale.

Muna zuba kaskon man inji da gaurayen magniziyam AZ91D, mai alminiyam kashi 9 da zinki kashi 1. A zafin ɗaki ba shi da laifi. Amma da na bar samfur a digiri 150 na tsawon awa 100 da noti a ɗaure, sai na tarar notin ya yi lako-lako, ƙarfen da ke ƙarƙashin wosha ya lotsa, har da farce ana jin ramin.

A madubin lantarki na ga Mg17Al12, wato haɗin magniziyam da alminiyam, ya bi iyakokin ƙwayoyin ƙarfen kamar raga. Na san shi ne ke laushi da zarar an haura digiri 120, iyakokin su fara zamewa.

Na ƙara kalsiyam kashi 1 don ya kama alminiyam ya ba ni haɗinsu, wato Al2Ca, a maimakon Mg17Al12. Sakin ya ragu kaɗan, sai dai zubin na tsagewa a kusurwa tun yana da zafi, yana kuma mannewa a mazubi. Mg17Al12 ɗin ma bai tafi ko'ina ba. Na ƙara zafin mazubi, tsagewar ba ta daina ba. AE42 kuwa, wani gaurayen magniziyam mai alminiyam da ƙarafan rare earth (RE), ban saki jiki da shi ba, tunda haɗinsu na Al11RE3 da ke cikinsa na wargajewa sama da digiri 150, mu kuma a bakin nan muke aiki.

Shin in sauke alminiyam zuwa kashi 5 in riƙe kalsiyam, ko in koma gaurayen magniziyam AJ62 mai sitirontiyam, irin wanda BMW ta yi gangar injin N52 da shi?

Na gode.