An ƙi biyan diyyar ciwon hannu na wurin aiki, mene ne mataki na gaba?

Ɗan Masaƙa: 'Yan'uwa, ma'aikaciyar ɗinki ce yatsunta suka fara mutuwa, ciwon wuyan hannu yana tashe ta cikin dare. An ƙi biyan ta diyya, wai babu haɗarin da ya faru. Me za ta yi?

Mai Bin Doka: Malam, dokar diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010 ta haɗa da cutar da aiki ya jawo, ko da babu haɗari. Ta karɓi takardar ƙin biyan a rubuce, ta ɗaukaka ƙara ga NSITF, hukumar da ke biyan diyyar ma'aikata, cikin kwana 180 daga ranar hukuncin. In bai yi ba, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Kada ta bar kwanakin nan su wuce.

Malamar Asibiti: Rahoton likita na iya kayar da mutum. "Ciwon hannu" kawai bai isa ba. A rubuta awa nawa take kan keke kullum, shekara nawa, wane motsi take maimaitawa. A yi gwajin jijiyar hannu, a duba sukari da maƙoƙo, don da su ake kafa hujjar cewa ba aikin ba ne.

Mai Bin Doka: Ta kuma nemo kwafin sanarwar ciwon da ta ba ma'aikatarta, da kwanan wata a jiki.