Fayil na nan a saba, amma bincike ya ce babu

Sani_TudunWada: Salamu alaikum 'yan uwa. A ofis ɗinmu nan Gombe muna da sabar Samba ɗaya (kwamfutar da ke raba fayiloli ta netwok) da kowa ke zuba takardu a ciki, sai na ɗora Recoll (manhajar binciken fayil) a wata kwamfuta daban tana yin indes, wato jerin takardun da ake dubawa in an yi bincike. To sakatariya za ta ajiye wasiƙa da safe, da azahar oga ya nema a ce babu, wadda aka goge tun makon jiya kuma tana ta fitowa. Wa ya taɓa cin karo da wannan?

Injiniya_Yelwa: Wa alaikumus salam. Malam Sani matsalar a "kwamfuta daban" ɗin nan take. Recoll da inotify (mai gadin da ke ba da labari in an taɓa fayil) yake jin motsin fayil a Linux, shi kuma inotify abin da ya bi ta kanel ɗin (wato zuciyar Linux ɗin) injin da yake kai kawai yake gani, in wani ya ajiye abu daga tasa kwamfutar ta netwok ba ruwansa. Mu a Bauchi sai da muka mayar da Recoll ɗin kan sabar kanta aka samu lafiya. Ka duba max_user_watches ma, wato iyakar yawan abin da inotify zai iya gadi, a tsofaffin kanel 8192 ne, kowace folda kuma ɗaya take ci, in ya cika sauran foldodi ba mai gadinsu.

MamanIlham: Injiniya gaskiyarka, amma ni ban yarda da mai gadin nan shi kaɗai ba wallahi. Namu in aka ɗauke wuta aka tada janareto Samba na tashi da kanta, shi Recoll ɗin bai tashi ba, mutane na ta aiki har la'asar ba wanda ya sani. Yanzu cron na sa (mai tada aiki a lokacin da aka saka masa), kullum ƙarfe 2 na dare Recoll ya zaga sabar kaf, ya ƙara sabo ya cire wanda aka goge. Kuma kar ku dogara da ranar gyaran fayil kawai, rsync -a (umarnin kwafar fayil) da tsohuwar ranarsa yake kwafo shi, skirif ɗina (ɗan shirin da na rubuta) da ke neman "na yau" haka ya tsallake takardun albashi folda guda.

Bappa_Dukku: Mu Windows ne, manhajar bincike mai suna Everything muke amfani da shi a kan sabar, yana bin USN na NTFS (rajistar canjin fayil da Windows ke ajiyewa a kan diski), ko an kashe an kunna yana kamo abin da ya wuce. Sai dai mu sunan fayil kawai muke nema da shi.

Sani_TudunWada: Allah ya saka da alheri. Hajiya zagayen daren nan awa nawa yake ci a wajenku? Batirin inbata ɗinmu ba ya kaiwa asuba.