Shekara guda da rasuwar maigidana: in yi sujadar tunawa ko in biya kuɗin makarantar yara?

Maman Biyu: Salama gare ku 'yan'uwa. Wata mai zuwa maigidana zai cika shekara da rasuwa. Danginsa a ƙauye, can wajen Zonkwa, sun ce dole a yi sujadar tunawa, a gyara kabari da siminti da tayil, a ciyar da jama'a. Ni suka zuba wa ido, don sun ji an biya ni haƙƙinsa a wurin aiki, alhali kuɗin na makarantar yara na ajiye su. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba: tun ranar jana'iza addu'a ta gagare ni. Ina zuwa majami'a, amma da mawaƙa sun ɗauko waƙar da yake so sai in fice. Waɗanda suka bi ta wannan hanya, kun yi taron? Ya rage muku nauyin zuciya? Nawa ya ci?

Ɗan Matasa: Mama, sannu da rashi. Ki yi azumin kwana 3, ki karanta 1 Tasalonikawa 4:13. Mu ba ma baƙin ciki irin na marasa bege.

Birkila Kafanchan: Kabari ba ya cin kuɗi. Buhun siminti 4, bulo, yashi da ladan aiki, dubu 80 ta gama.

Uwar Marayu: Dubu 80 a wace shekara? Mu namu da tayil da rubutun suna ya haura dubu 250, ba a zo maganar rumfa, kujeru da shinkafa ba. Ƙanwata, ki saurare ni da kyau. Irin wannan taron na yi. Na sayar da keken ɗinkina, na ɗinka anko, har kalanda na buga da hotonsa. Aka ci, aka sha, aka yi waƙa. Da yamma, tun ba a kwashe kujeru ba, yayansa ya kira ni ɗaki wai in kawo takardun fili da makullin babur, tunda shekara ta cika. Na kai kuka wurin dattawan ikkilisiya, suka ce in yi haƙuri, maganar iyali ce. Mutumin da ya kwashe kayan marayu shi ne ke zagayawa da kwanon baiko ranar Lahadi, ina zaune ina kallo. Na daɗe ban taka ƙofar majami'a ba. Abin da ya dawo da ni wata tsohuwa ce 'yar Zumuntar Mata. Kowace Alhamis za ta zo da kunun gyaɗa a jug, ta zauna a tabarma tana taya ni tsince wake. Ba ta taɓa yi mini wa'azi ba. In za ta tafi sai ta dafa kaina ta ce, Ubangiji, ga 'yarka. Shi ke nan addu'arta, kuma a kanta na rayu har bakina ya buɗe.

Ɗan Matasa: Amma Mama, sai kin gafarta masa, in ba haka ba addu'arki ba za ta wuce rufi ba.

Uwar Marayu: Yaro, wa ka taɓa binnewa? Bari sai ka wanke kayan mamaci da hannunka, ka tarar da kuɗin cefane a aljihun wandonsa, sannan ka zo ka koya mini gafara.

Dattijo Mai Ritaya: Ku bi yaron a hankali, ayar gaskiya ce, lokacinta ne bai yi ba. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana 7 ba wanda ya ce uffan, sai da suka buɗe baki suka ɓata. 'Yata, babu inda Littafi ya ce a yi bikin shekara. Yakubu 1:27 kuwa ya ce a kula da marayu da gwauraye. Ki je da Baba Fasto wurin surukanki, kada ki je ke kaɗai.

Uwar Marayu: Baba, da girmanka, dattawa irinku ne suka ce in yi haƙuri.

'Yar Michika: Ni 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A 2014 muka gudu daga Michika zuwa Mubi, da Mubi ta faɗi a watan Oktoba muka sake shiga daji. Babana mai ciwon suga a hanya ya cika, maza suka haƙa rami da adda da hannu. Yau ko an kai ni wurin ba zan gane shi ba, balle tayil. Yaya, rashin iya addu'ar nan na san shi. Zabura 13 na riƙe, inda Dauda yake ta tambayar Ubangiji har yaushe. Na ga ashe an yarda mutum ya kai wa Allah ƙara. Ki karanta ta a bayyane ko da kina fushi. Fitarki waje lokacin waƙa kuma ba zunubi ba ne, Yesu ma ya yi hawaye a bakin kabarin Li'azaru.

Direban Saminaka: In za a yi, a sa mai gadi a wurin kuloli. Akwai masu zuwa makoki da leda a jaka, ko sunan mamacin ba su sani ba, amma sun san wace rumfa ce ke da nama 😂

Birkila Kafanchan: Madam mai dubu 250, cutarki aka yi. Ko a tayil akwai mai araha.

Maman Biyu: Na gode. 'Yar Michika, na karanta daren jiya, na yi kuka sosai. To in na yi ƙaramar sujada a gida kawai, surukaina ba za su ce na raina ɗansu ba?

Malama Gindiri: Tun daga jana'izar muke ɓata lissafi. Gawa ta yi sati 3 a mutuware ana jiran ɗan da ke Legas, kullum kuɗi na hawa, ga akwati, ga motar gawa, ga buga takardar shiri. Maƙwabtanmu Musulmi kafin la'asar sun rufe nasu.

Dattijo Mai Ritaya: Mun sha kawo wannan a taron dattawa. Iyalai ne ba sa ji, kowa yana gudun a ce ya binne ubansa kamar kaza.

Malama Gindiri: Baba, to me ya sa in mai kuɗi ya rasu fastoci ke cika bagadi, in talaka ne a turo mai bishara shi kaɗai? Kuma baikon gwauraye da ake karɓa kowace shekara, wa ya taɓa jin an karanta lissafinsa a gaban jama'a?