Neman shawara: tsohuwar manhaja ta ƙi fita, sabuwa ta ƙi shiga

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku taimaka, kwana uku ke nan hankalina a tashe. Kwamfutar nan ta yayana ce, ya bar min da ya sayi sabuwa, Windows 10 ce a kai. Duk lissafin wurin aikinmu na shekara uku a cikinta yake, kuma tunda abokin aikina ya tafi ni kaɗai nake riƙe da shi. Ranar Litinin na zo sabunta manhajar lissafi, ta kai rabi sai ta koma baya ta rubuto lambar kuskure 1603. Na ce bari in cire tsohuwar, ita kuma ta ba ni 1612, wai ba ta ga tushen da aka sa ta daga shi ba. Ga rahoto zan miƙa ranar Alhamis. Yaya zan yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, da ikon admin, ka rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, ka bar intanet a kunne domin daga Windows Update yake ɗauko lafiyayyun fayil. Zai tsaya kamar ya maƙale, kada ka rufe. In ya gama sai ka bi shi da sfc /scannow. Kada ka juya tsarin: shi sfc daga rumbun WinSxS yake ɗibar kayan gyara, in rumbun ya lalace da me zai gyara?

Wani ɗan'uwa: Ka kwashe kayanka ka yi fomat kawai, ka huta.

Wata 'yar'uwa: Fomat? Haka wani mai gyara ya yi min, ya rantse ya kwafe komai, ashe hotunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, bai taɓa su ba. Har yau in na tuna zuciyata sai ta yi nauyi. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Mai tambaya: Allah ya jiƙanta, Hajiya. Malam Injiniya, na yi duka biyun. Na farkon ya kammala, sfc ya ce ya gyara wasu fayil. Amma 1612 tana nan.

Injiniya: To akwai abin da ba ka faɗa ba. Ka taɓa goge wani abu a cikin C:\Windows\Installer?

Mai tambaya: Watan jiya wuri ya cika min, na sa wata manhajar shara ta rage shi. Gigabait 11 na samu. Ai dole ce ta sa, ko fayil ɗaya ba na iya ajiyewa.

Injiniya: Nan ne ciwon. A wannan folda Windows take ajiye kwafin fayil ɗin msi, wato fayil ɗin sa manhaja, na manhajojin da aka sa ta wannan hanya, da shi take cire su ko sabunta su. DISM ba ya dawo da su, sfc ma haka. Nemo ainihin fayil ɗin da aka sa tsohuwar da shi, sigar nan dai ba wata ba, in ta tambayi tushe ka nuna mata shi.

Wani ɗan'uwa: Duk wahala ce. Windows 10 ɗin ma tallafinta ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025. Ya ɗora 11 a wuce wurin.

Injiniya: In ya ɗora 11 a kan wannan, foldar ba za ta cika kanta ba, 1612 za ta bi shi can. Shekara nawa ina wannan aikin, na san abin da nake faɗa.

Mai tambaya: Ni dai ban yarda sharar ce ba, Malam, domin bayan na yi ta sati uku komai lafiya lau. Na fi zargin ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa. Fayil ɗin kuma yayana ne ya sa, na kira shi ya ce ba ya tare da shi.

Wata 'yar'uwa: Ɗana, kafin komai ka kwafe lissafin nan a filasha yau ɗin nan. Ka yi?

Mai tambaya: Zan yi in sha Allahu. Yanzu dai na sake kunna sfc, yana kashi 46. Ko akwai wanda ya san yadda ake cire tsohuwar manhajar ta Registry, wato rajistar saitunan Windows?