Neman kalma: me za mu kira NORM da Hausa?

Ɗan Mundu: Salamu alaikum jama'a, masu Hausa a baki ku taimaka. Ana so a juya wata takardar faɗakarwa zuwa Hausa saboda 'yan'uwanmu leburori da masu walda da direbobi da suke aikin mai a kudancin Chadi, daga Kome da Miandum har su Bongor, da yawansu Faransancin bai wuce na gaisuwa da na karɓar albashi ba. Kalma ɗaya ta tsaya min a wuya, NORM, haka masu Ingilishi suke taƙaita Naturally Occurring Radioactive Material, a takardun Faransanci kuma sai ka ga matières radioactives naturelles. Sai kuma sunan mutumin da yake tsayawa a kan aikin in za a buɗe tanki ko a kankare bututu. Me za mu ce musu?

Hajiya ta Marwa: Wa alaikumus salam. Toh ƙanena fara gaya mana mene ne abin tukuna, mu nan Marwa ko rijiyar mai ba mu taɓa gani ba balle cikinta.

Ɗan Mundu: Gaskiyarki Hajiya. Duwatsun can ƙasa inda man yake kwance akwai ɗan yuraniyom da toriyom a jikinsu tun halitta, ba wani ne ya zuba ba. Su biyun ba su cika biyo mai zuwa sama ba, can suke zamansu, amma a hankali suna rikiɗa suna haifar da wani ana ce masa radiyom, shi kuwa yana narkewa a ruwan gishiri. Rijiya kuma ba mai kaɗai take fitarwa ba, da ruwa take zuwa, tana tsufa ruwan yana ƙaruwa. In ruwan nan ya hauro sama zafi ya ragu matsi ya ragu sai gishirin cikinsa ya riƙa daskarewa yana mannewa a cikin bututu da bawul da tankin da ke raba mai da ruwa, radiyom ɗin ya manne tare da shi, wani ya yi tauri sai an sa guduma da kurfi, wani kuma ya kwanta gindin tanki ya zama baƙar laka. Ta ɓangaren gas kuma radon ne yake bi, wata iska da radiyom yake haifarwa, ya bar wata siririyar dalma a jikin ƙarfe wadda ido ba ya ma lura da ita. Duk waɗannan suna fitar da wani abu da ba a gani ba a jin warinsa, sai na'ura.

Mai Walda Kusiri: Mu a shantiye, wato wurin aiki, tartar muke ce wa wannan daskararren. Abin da yake fitarwa kuma ai muna da sunansa, radiyo. In masu ɗaukar hoton walda suka zo suka ja igiya kowa ya san radiyo ce, a watse. Ku sa radiyo kawai a wuce wajen.

Injiniya Jarmaya: Malam mai walda wannan daban ne wlh, kuma haɗa su a suna ɗaya zai iya jawo matsala. Abin masu hoton walda ƙirar mutum ne, iridiyom ne a kulle cikin akwati, ƙarfinsa ya kai in ya fito fili ka riƙe shi a hannu ya ƙona ka, maganinsa nisa, an gama an rufe akwati shikenan babu saura. Wanda Ɗan Mundu yake magana ƙarfinsa kaɗan ne, tsayawa kusa da shi ba shi ne babban abin tsoro ba, abin tsoron shi ne ya bushe a sa masa injin gurza ya zama ƙura ka shaƙa, ko ka ci burodi da hannun da ka taɓa shi. Radiyom in ya shiga jiki hanyar kalsiyom yake bi, ƙashi yake tafiya ya zauna. Ga shi kuma radiyo a bakinmu ta riga ta yi aure biyu, ta sauraron labarai da ta asibiti in an ce je ka yi radiyon ƙirji, kar mu ƙara mata na uku.

Malamin Garwa: Gidajen rediyo sun riga mu ai. In ana labarin Chernobyl na 1986 ko Fukushima na 2011 "tururin nukiliya" suke cewa, wasu su ce tiriri, wasu burbushin nukiliya. Me zai sa mu ƙirƙiro sabuwa alhali kunne ya saba da wannan?

Ɗan Mundu: Yallaɓai na yi tunaninta, matsalar nukiliya ce. Bahaushe na jin nukiliya bam yake gani, Hiroshima. Lebura zai yi ɗayan biyu, ko ya ajiye shebur ya ce ba da shi ba, ko ya kalli tsohon bututu mai tsatsa da ya shekara yana zama a kai yana shan shayi ya yi dariya ya ce wannan ne nukiliyar, daga nan duk abin da ka faɗa masa ya zama tatsuniya. Na biyun ya fi yawa kuma ya fi muni. Tururi kuma ana ganinsa.

Direban Tanka: Gubar ƙasa. Gajere, kowa ya gane.

Hajiya ta Marwa: Guba ai nan take take kayar da mutum ɗana. Wanda ya taɓa yau ya kwana lafiya gobe ya tashi lafiya zai ce ƙarya ne babu wata guba. In na fahimci injiniya wannan shekaru yake ɗauka.

Injiniya Jarmaya: Haka ne Hajiya, haɗarinsa na kansa ne bayan shekaru, kuma ba wai duk wanda ya shaƙa sai ya kamu ba, yawan abin da ya taru a jiki shi ke ƙara haɗarin. Shi ya sa lissafi ake yi. Ma'aunin sunansa milisibat, ƙa'idar duniya ma'aikaci kar ya wuce 20 a shekara in an raba a kan shekara biyar, mutumin gari kuma 1 a shekara daga irin waɗannan ayyuka. Ku kwatanta da kusan 2.4 da ɗan Adam yake samu a shekara a matsakaici daga ƙasa da iska da abinci da sararin samaniya ko bai taɓa zuwa kusa da rijiya ba. Kuma ba kowace rijiya ba ce, wata bututunta fes, wata maƙwabciyarta na'ura ta yi ta ƙara, babu mai sani da ido sai an auna.

Direban Tanka: Toh a ce muguwar iska mana tunda ba a ganinta

Mai Walda Kusiri: Kai direba rufa mana asiri, ka rubuta iska a allo gobe ka ga mutane sun zo aiki da laya da turare maimakon takunkumi 😂

Baba na Ngaundare: Yara ku bar ni in sa baki. Akwai huci. Hucin wuta, hucin rana a jikin bango bayan magariba, abu ne da yake fitowa daga jikin wani abu ya same ka ba tare da ka gan shi ba, kana matsawa kusa yana ƙaruwa kana ja baya yana raguwa, in an sa katanga a tsakani ya tare. Duk abin da injiniya ya lissafa ban ji wanda huci bai ɗauka ba.

Malamin Garwa: Baba a gafarce ni, huci da zafi yake tafiya. Mutum zai dafa bututu ya ji sanyi ƙalau ya ce babu huci.

Baba na Ngaundare: Sai a gaya masa sau ɗaya, wannan huci ne marar zafi, na'ura ce take jinsa ba fata ba. Jimla ɗaya ce malam. Nukiliyarka sai ka yi masa lacca ta awa guda kafin ka cire masa bam daga kai.

Hajiya ta Marwa: Ni kuma tun da Ɗan Mundu ya ce yana mannewa a ciki sai an kankare abin da ya zo min ƙanzo ne, na gindin tukunya. Ƙanzon bututu. In an haɗa da na Baba ya zama ƙanzo mai huci, na gindin tanki kuma laka mai huci.

Mai Walda Kusiri: Hajiya ƙanzo fa ci ake yi, da ƙuli da manja 😂 amma wlh ya zauna, ya fi tartar ɗinmu, ina faɗa wa yaron shago "kar ka gurza ƙanzon nan a bushe" ya gane ba sai na ƙara ba.

Injiniya Jarmaya: Ni ma na karɓa, sai dai gyara ɗaya. NORM ta fi ƙanzo faɗi, ta haɗa ruwan da ya fito da mai, da lakar, da radon, har da ƙasar wuraren da babu mai sam, kamar wajen Poli a arewacin Kamaru inda aka san akwai yuraniyom a duwatsu. Saboda haka a babban suna a ce ma'adini mai huci, ƙanzo mai huci ya zama ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Kuma shawarata kar a sa "na halitta" a allo ko da yake yana cikin sunan Turancin, mutanenmu in sun ji abu na Allah ne daga ƙasa sai su saki jiki. A bar shi a cikin bayani.

Alhaji Gwangwan: Ni tambayata ta kasuwa ce. Tsofaffin bututu suna zuwa hannunmu, mutane suna saye su yi turakun rumfa, wasu su tsaga su yi kwamin shayar da shanu, wasu ƙofar gareji. In ya shekara goma a yashe a rana hucin bai mutu ba?

Injiniya Jarmaya: Alhaji radiyom iri biyu ne a ciki. Mai lamba 228 rabinsa yana ƙarewa cikin shekara shida ba kaɗan, amma mai lamba 226 sai shekara 1600 kafin rabinsa ya tafi, rana da ruwan sama ba sa yi masa komai, wuta ma ba ta kashe shi, in ka yanka da gas sai dai ka tayar da shi ka shaƙa. Leƙa cikin bututun, in ka ga ɓawo fari ko ruwan ƙasa mai kauri ya rage faɗin ramin, kar a yanka kar a buga, a toshe bakinsa biyu a nemi masu awo. A Kamaru an kafa hukumar kula da irin wannan abu a 2002, da sunan ANRP a lokacin, Chadi ma tana da tata hukumar. Ba ku kaɗai ba ne, a Amurka ma a shekarun 1980 ne hankali ya dawo kan abin bayan an tarar da shi a yadin wanke tsofaffin bututu.

Ɗan Mundu: Madalla. Saura mutumin. Aikinsa shi ne ya auna kafin a buɗe, ya sa hannu a takardar izinin aiki, ya ja igiya ya rubuta sunan duk wanda ya shiga, ya tabbatar ana jiƙa ƙanzon ana kankarewa ba a bushe ba, kowa da takunkumi da safar hannu da rigar aiki, babu ci babu sha babu sigari babu goro a cikin igiya, in za ka fita ya bi hannunka da tafin takalminka da na'ura, abin da aka kankaro a zuba a duro a rufe a yi masa lamba. Kuma yana da ikon ya ce a tsaya ko shef yana kumfar baki.

Direban Tanka: Mai gadin huci

Mai Walda Kusiri: A'a. Wa yake jin maganar maigadi a shantiye? Ka ba shi wannan sunan ka kashe shi. Sarkin huci, kamar sarkin tasha da sarkin pawa, shi ne sunan da in ya ce a tsaya za a tsaya.

Malamin Garwa: Ba a naɗa sarauta a takardar kamfani malam. Jami'in kariya daga huci, ko mai kula da huci. Ni dai har yanzu ina ganin tiriri ya fi huci, amma an fi ni yawa.

Baba na Ngaundare: Ku rubuta mai kula da huci a takarda. Sarkin huci kuma ba sai kun rubuta ba, yaran za su raɗa masa da kansu kafin sati.

Ɗan Mundu: Toh ga abin da zan miƙa. Huci shi ne abin da ke fitowa, ma'adini mai huci shi ne NORM gaba ɗaya, ƙanzo mai huci da laka mai huci, na'urar awon huci, mai kula da huci. A allo kuma, ƙarƙashin alamar nan mai fukafukai uku baƙi a kan rawaya: "HATTARA, ƘANZO MAI HUCI. Ba ya zafi, ba a ganin hucinsa. Kar a gurza a bushe. Ba a ci ba a sha a nan." Larabcin Chadi da Fulatanci wasu ne za su yi, in akwai mai iyawa a nan ya yi min magana ta gefe.

Hajiya ta Marwa: Ka tsaya a kan mai buga allon fa ƙanena, injinansu na Faransanci ba su da ƙ mai lanƙwasa, kar ya sa maka akwati a wurin harafin. In babu ya rubuta K ɗin haka nan, za a karanta.