Jinin Havasupai: dole sai ɗan gida ne zai jagoranci binciken lafiyar al'umma?

Malam Na-Kurmi: Ni matsayata ɗaya ce: binciken lafiyar ƙabilun asali, ɗan ƙabilar ne ya kamata ya ja ragamarsa. Ku dubi Havasupai, ƙaramar ƙabila da ke zaune a ƙasan kwazazzabon Grand Canyon a Amurka. Ciwon sukari ya addabe su, daga 1990 suka ba masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona jininsu don a gano dalili. Ashe an yi ta amfani da jinin wajen nazarin taɓin hankali da auren dangi, har da inda kakanninsu suka fito. Aka buga cewa daga Asiya suka ƙetaro, alhali su tarihinsu ya ce a kwazazzabon aka halicce su. Sai a 2003 suka farga. A 2010 jami'ar ta biya dala 700,000 ta mayar musu da jinin.

Dakta Maman Ilham: Allah ya gafarta Malam, an ci amanarsu, babu ja. Amma laifin na takardar amincewa ne. An rubuta ta a buɗe, ta haɗa da cututtukan ɗabi'a, su kuma da baki ciwon sukari aka faɗa musu. A gyara takarda, a tsaurara kwamitin ɗa'a. Ilimi ba ruwansa da ƙabilar mai yin sa.

Malam Na-Kurmi: Hajiya, wa ya rubuta takardar? Wa ya riƙe makullin firjin da jinin yake?

Baban Khalifa: Ku yi haƙuri in shigo. Mu nan Kano ba labari aka ba mu ba. Gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a 1996, lokacin annobar sanƙarau, yara kusan 200, 11 suka rasu, aka daidaita da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Likitan da sunansa ke kan takarda a matsayin jagoran gwajin ɗan ƙasa ne fa. To me hakan ya hana? Tsari da kuɗi da bayanai duk suna hannun kamfani. Malam, ɗan gida a kan kujera ba shi ne iko ba.

Dakta Maman Ilham: Yauwa. Kuma rufe ƙofa ma yana da tsada. Navajo, wata ƙabilar asali ta Amurka, sun dakatar da binciken ƙwayoyin gado a ƙasarsu a 2002. Na fahimci dalilinsu, amma magungunan da ake auna su da ƙwayoyin gado, da bayanan wasu ake gina su. Mara lafiyar Navajo ne zai sha maganin da ba a gwada a kan irinsa ba.

Auta: Anti, ai ba rufewa suka yi suka kwanta ba. Krystal Tsosie 'yar Navajo ce, masaniyar ƙwayoyin gado, tana cikin waɗanda suka kafa Native BioData Consortium a 2018. Ma'ajiyar samfur ce a ƙasar ƙabilar Cheyenne River Sioux da ke Dakota ta Kudu, 'yan asalin ne ke tafiyar da ita. Abin dariya, yanzu a Jami'ar Jihar Arizona ɗin take koyarwa.

Baban Khalifa: Wannan ai maganata ya ƙarfafa. Firjin ne ya koma gida. A Kanada ma ƙa'idar OCAP ta ƙabilun asali a kan bayanai take: su ke da su, su ke juya su, a hannunsu ake ajiye su. Baƙo na iya yin aikin, amma da izininsu.

Malam Na-Kurmi: Izini a kan tambayar da wani ya riga ya zaɓa? Havasupai sukari ne damuwarsu, mai binciken kuwa taɓin hankali ne ke burge ta. Ɗan gida ba zai fara daga can ba.

Dakta Maman Ilham: Ƙabilar da ba ta kai mutum 1,000 ba, Malam, masana nawa za ta fitar? Kafin su fito, masu sukarin su jira?

Malam Na-Kurmi: Jiran suka yi ai, Hajiya, shekara 20 cur, ba a kawo musu maganin ba.