Hub ɗina na USB yana ɗauke wuta da zarar na jona faifan ajiya

Assalamu alaikum. Na haɗa allon hub (na'urar da ke raba ramin USB ɗaya zuwa da yawa) mai rami huɗu da guntun USB2514B mai sarrafa hub ɗin, kowane rami da nasa makunnin TPS2051B mai iyakance wutar da ake ja. Linzami da filashi suna aiki lafiya lau. Amma ina jona faifan ajiya na waje mai inci 2.5, sai ya yi ƙas-ƙas, wutar ramin ta ɗauke, dmesg (umarnin Linux mai nuna saƙonnin tsarin kwamfuta) ya nuna an ja wuta fiye da ƙima.

Na sa adafta mai bolt 5, amp 3, na ƙara kafasita (mai ajiye caji) 150 µF, na canza kebul. Duk a banza. Da na cire layin OCS_N (mai sanar da hub ɗin an ja wuta fiye da ƙima), saƙon na dmesg ya ɓace, amma faifan bai juya ba. Kwana uku ke nan, kaina ya ƙulle.

Shin makunnin ne, mai miliamp 500, ya yi wa faifan kaɗan lokacin tashi?